Iska a jijiyar hanta: ƙararrawar da olsa kan buga idan an yi sakaci

A ce kana Abijan, ko Tamanrasat, ko Agadas, ka dawo daga aiki da dare, sai ga hoton wata takardar asibiti ta WhatsApp daga gida. Baba ne aka kwantar. Shekara da shekaru yana fama da olsa, kai kuma kana turo kuɗin magani duk ƙarshen wata. A cikin Faransancin likitoci da ke jikin takardar, kalma ɗaya ta tsaya maka a rai: aéroportie. Ƙaninka ya biyo da saƙon murya, ya ce wai iska ce ta shiga hanta. To, ina ruwan olsa da hanta?

Hanyar da iskar ke bi

Jinin da ya zagaya tumbi, hanji da saifa ba ya komawa zuciya kai tsaye. Yana taruwa ne a wata babbar jijiya da ke kai shi hanta domin a tace shi. Kusan kashi uku cikin huɗu na jinin da hanta ke samu ta wannan jijiya yake shiga. A jikin mai lafiya babu iska ko kaɗan a cikinta.

Olsa kuwa gyambo ne a bangon tumbi ko a farkon ƙaramin hanji. Idan gyambon ya yi zurfi, yakan ci har ya kai ga ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashinsa. Idan kuma tumbin ya kumbura, misali saboda gyambon ya toshe mafitar abinci ko saboda amai mai ƙarfi, sai iskar cikinsa ta kutsa ta wannan kafa, jini ya kwashe ta zuwa hanta. Wani lokacin kuma ƙwayoyin cuta masu haifar da iska ne ke shiga ta nan. A hoton sikana ana ganinta baƙa, ta yi rassa kamar busasshen icce a gefen hanta. A na'urar eko kuma tana fitowa kamar fararen ɗigo masu tafiya tare da jini.

Daga hukuncin mutuwa zuwa alamar gargaɗi

A 1955 ne likitoci biyu, Wolfe da Evans, suka fara bayyana wannan alama a jikin jarirai masu mummunan ciwon ciki. Wani nazari na 1978 da ya duba marasa lafiya 64 ya nuna kashi 75 cikin ɗari sun mutu. Shi ya sa likitocin wancan zamani da sun gan ta sai ɗakin tiyata.

Zuwan sikana ya sauya lissafin, domin tana gano ƴar iskar da tsohon hoton radiyo ba ya gani. A 2001 likitocin Japan sun tattara bayanan marasa lafiya 182: mutuwa ta sauko zuwa kashi 39 cikin ɗari. Babban sanadi, kashi 43, shi ne ruɓewar hanji, sau da yawa saboda yankewar jini. Gyambon tumbi kashi 4 ne kacal.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, iskar ba ita ce cutar ba, alama ce cewa wani bango ya tsage. Idan hanji ne ya mutu, tiyata ce cikin gaggawa. Idan olsa ce kuma ba ta huda tumbin ba, sau da yawa ana dakatar da abinci, a zura robar hanci a rage kumburin, a ba da ƙarin ruwa da magani ta jijiya, iskar ta ɓace cikin ƴan kwanaki. Likita ne ke rarrabe tsakanin biyun, ba a yi daga gida.

Inda matsalar ke farawa

Yawancinmu mun tashi da jin cewa yunwa da yaji ne ke kawo olsa. Suna iya tayar da zafin, amma manyan masu laifi biyu ne. Na farko ƙwayar cuta ce mai suna Helikobakta, wadda Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka tabbatar da alaƙarta da olsa, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2005. Na biyu su ne magungunan kashe ciwo irin su diklofenak, ibuprofen da asfirin, waɗanda ke raunana kariyar bangon tumbi.

Duk wanda ya san tashoshin mota da kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai ya san waɗannan ƙwayoyi suna nan a faifan masu talla, ana sayensu ɗaya-ɗaya babu takardar likita. Ɗan kabu-kabu da lebura sukan sha don gajiya, tsofaffi kuma don ciwon gwiwa. Idan ƙwarnafi ya taso, sai a jiƙa kanwa. Kanwa tana kwantar da zafin na ɗan lokaci, amma haɗuwarta da ruwan tsamin tumbi iska take haifarwa, kuma ba ta warkar da gyambon.

Abin da za ka iya yi daga nesa

Olsa tana warkewa. Idan gwaji ya nuna Helikobakta, ana haɗa maganin rage tsami irin omeprazol da magungunan kashe ƙwayoyin cuta, yawanci na kwana 10 zuwa 14, kuma dole a shanye su. Fiburoskopi, wato zura ƴar kyamara ta baki, shi ke nuna girman gyambon, ya kuma taimaka a gane ko daji ne ya ɓoye a bayansa.

Akwai alamun da ba a kwana da su: aman jini ko amai mai kama da dusar kofi, baƙin bayan gida mai yauƙi kamar kwalta, ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ciki ya sandare kamar katako, jiri ko suma. Da an ga ɗaya, a nufi asibiti mafi kusa.

Idan takardar nan ta iso wayarka, ka sa a tambayi likita abu uku: daga ina iskar ta fito, hanjin yana da lafiya, kuma tumbin ya huje ko bai huje ba? Kuɗin da za ka turo a wata mai zuwa kuma, ka ce na gwaji ne, kada a sake kai su faifan mai talla.