Kujeru 28 Ba Hamayya: Lissafin Zaɓe a Majalisar Gwynedd

Gwynedd yanki ne na duwatsu da makiyayar tumaki a arewa maso yammacin Wales, cikin Birtaniya. A nan ne Yr Wyddfa yake, dutse mafi tsawo a Wales, mai mita 1,085. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen yankin sun ɗan haura 117,000, kuma kusan kashi 64 cikin ɗari suna jin harshensu na gado, wato Welshanci. Majalisar da ke tafiyar da makarantunsu da hanyoyinsu da kwashe shara tana garin Caernarfon. An kafa ta a 1996, tana cikin manyan ƙananan hukumomi 22 na Wales. Saɓanin yadda ake yi a Nijeriya, jama'a ba sa zaɓen ciyaman. Kansiloli ne suke fitar da jagora daga cikinsu.

A zaɓen Mayu 2022 an raba yankin zuwa mazaɓu 65 masu kujeru 69, bayan da sake shata iyakoki ya rage kujerun daga 75. Jam'iyyar Plaid Cymru, mai fafutukar kare harshe da cin gashin kan Wales, ta sami kujeru 44. 'Yan takara masu zaman kansu suka sami 23, Leba da jam'iyyar Liberal Democrat kowace ta tsira da ɗaya. Amma adadin da ya fi jan hankali shi ne 28: kujerun da aka cike ba tare da an jefa ko ƙuri'a ɗaya ba, domin mutum guda ne ya tsaya wa kowace. Abin ya zo daidai da karon farko da 'yan shekara 16 da 17 suka sami damar zaɓen kansila a Wales, sai ga shi da yawansu ba su ga ko rumfar zaɓe ba.

Me ya kawo haka? Wani ɓangare na amsar lissafi ne. In aka raba yawan jama'a da yawan kujeru, kowane kansila yana wakiltar mutum kusan 1,700. A irin wannan mazaɓa kowa ya san kowa, kuma ƙa'idar zaɓen ita ce wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauke kujerar, na biyu ya tashi a tutar babu. Mai sha'awar takara yana iya ƙidaya magoya bayansa gida-gida tun kafin ya karɓi fom. In ya ga ba zai kai ba, me zai sa ya ɓata da maƙwabci a banza? Sai ya haƙura.

Wannan ba ya nufin jama'ar Gwynedd ba sa iya juya wa masu mulki baya. A 2008, shirin rufewa da haɗe ƙananan makarantun firamare na karkara ya fusata iyaye, har aka kafa wata jam'iyya ta cikin gida mai suna Llais Gwynedd, wato Muryar Gwynedd. Ta ci kujeru fiye da 10, Plaid Cymru ta rasa rinjaye, kuma shugaban jam'iyyar na ƙasa a lokacin, Dafydd Iwan, ya faɗi a mazaɓarsa. Sai dai irin wannan guguwa ba ta tasowa sai an taɓa wa mutane abin da ke ransu.

Wata doka ta 2021 ta ba kowace majalisa a Wales izinin komawa wata hanyar zaɓe, wadda ƙananan hukumomin Scotland suke bi tun 2007. A wannan hanya ana haɗe mazaɓu su zama manya, kowace da kujeru 3 zuwa 6, mai zaɓe kuma ya jera 'yan takara da lamba 1, 2, 3 bisa yadda ya fi so. Ana gano ƙuri'un da ɗan takara yake bukata ta raba jimillar ƙuri'u da yawan kujeru haɗe da ɗaya, sannan a ƙara ɗaya. A ɗauka mazaɓa tana da kujeru 4, an jefa ƙuri'a 3,000. A raba 3,000 da 5, a sami 600. A ƙara 1, ya zama 601. Duk wanda ya kai 601 ya ci. Rarar ƙuri'unsa, da na wanda ya zo ƙarshe aka fitar da shi, sai a miƙa su ga zaɓi na gaba da ke kan takarda.

A nan ne bambancin yake fitowa. Ƙungiyar da ke da magoya baya 620 a warwatse cikin ƙananan mazaɓu huɗu, 155 a kowace, da wuya ta ci ko ɗaya. A haɗaɗɗiyar mazaɓa kuwa, kujera guda tata ce. Ke nan tsayawa takara ya zama abin da ke da riba.

Masu adawa da canjin ma suna da hujja mai ƙarfi. A ƙasa mai duwatsu, haɗe ƙauyuka huɗu ko biyar yana nufin kansila ya yi tafiya mai nisa, kuma ɗan takara mai zaman kansa, wanda jarinsa shi ne sanin da ƙauyensa ya yi masa, zai sha wuya a inda ba a san shi ba. Duk da haka, kusancin kansila da jama'a ba ya cike gurbin ƙuri'ar da ba a ba su damar jefawa ba.

A Oktoba 2024 kansilolin Gwynedd suka kaɗa ƙuri'a a kan batun. Dokar ta gindaya sharaɗin kashi biyu bisa uku na dukkan kujeru, wato 46 daga 69. Masu goyon baya suka tashi 45. Saboda haka zaɓen da aka tsara yi a Mayu 2027 zai bi tsohuwar ƙa'ida.