Amosanin gaɓɓai a yara: Dalilin gwajin ciwon hanta kafin fara magani

Amosanin gaɓɓai ba na tsofaffi kaɗai ba ne. Idan gaɓar yaro ɗan ƙasa da shekara 16 ta kumbura ta sandare har tsawon mako shida, likitoci sukan yi zargin cewa garkuwar jikinsa ce ta juya tana yaƙar gaɓɓansa. Shi ya sa magungunan da ake ba shi, irin su prednisolone da methotrexate, aikinsu shi ne rage ƙarfin garkuwar.

Matsalar ita ce, garkuwar da aka rage wa ƙarfi ita ce ke danne ƙwayoyin cutar da suka daɗe kwance a jiki. Ɗaya daga cikinsu ita ce ta ciwon hanta nau'in B. Binciken da gwamnatin tarayya ta gudanar a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na 'yan Najeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, kuma tara cikin jarirai goma da suka kamu da ita lokacin haihuwa sukan rayu da ita ba tare da wata alama ba. Da garkuwa ta yi rauni sai ƙwayar ta hayayyafa, hanta ta kumbura, idanu su yi rawaya, wani lokaci hantar ta daina aiki. Ƙwayar ƙarambau ma takan farka, ta fito da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki.

Tun 2004 aka sa allurar ciwon hanta cikin rigakafin yara a Najeriya, ana kuma son a yi ta farko cikin awa 24 da haihuwa. A garuruwa irin su Tsiga da ke Ƙaramar Hukumar Bakori, jaririn da aka haifa a gida yakan rasa wannan allurar. Ga kuma prednisolone da dexamethasone da ake saye a kemis babu takardar likita, saboda suna kwantar da ciwo nan take. Wannan ya fi komai haɗari, domin babu wanda ya duba jinin yaron.

Gwajin kuwa na jini ne, kuma ana yin sa kafin a fara magani. Idan an ga ƙwayar, likita kan haɗa wa yaro maganin da zai danne ta, kamar entecavir, sannan a riƙa duba hantarsa. Daga yankin Funtuwa da Malumfashi akan tura irin waɗannan yara Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya.

Yaron da ya daɗe yana shan prednisolone, kada a tsayar masa da shi rana ɗaya. Likita ne zai rage shi sannu a hankali.