Binciken ƙarƙashin ƙasa kafin shimfiɗa tiyon ruwa: misalin Birnin Damagaram

1. Gabatarwa

Babu mai musun cewa mazauna Birni suna bukatar famfo, lantarki da magudanan ruwa. Sai dai ramin tiyo, ko da zurfinsa bai wuce mita ɗaya ba, yana ratsa ƙasar da mutane suka daɗe suna zaune a kanta. A wannan takarda za mu bayyana abin da ake kira binciken riga-kafi (archéologie préventive), da dalilin da ya sa ya kamata ya gabaci irin waɗannan ayyuka.

2. Abin da rami yake ɓatawa

A garin da aka gina da ƙasa, idan ɗaki ya rushe akan baje shi a yi sabon gini a bisansa. Da haka ƙasa take taruwa hawa-hawa (stratigraphie): daɓe, toka, tsingaro, ƙasusuwan dabbobi, kashin ƙarfe. Darajar kowane abu tana cikin matsayinsa. Gawayin da aka ɗauko daga murhun da ke ƙarƙashin wani daɓe yana iya nuna shekarun wannan hawa ta hanyar awon karbon 14. Idan kuwa an tsince shi cikin tarin ƙasar da lebura ya watsar, ba ya shaidar kome. Littafin da aka karanta ana iya sake buɗe shi, amma ƙasar da aka haƙa ba ta komawa yadda take.

Asarar tana da girma a Birni. Mun san sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya kewaye garin da ganuwa, kuma an ƙera igwa a zamaninsa. Mun san Barth ya sauka garin a 1852, Faransawa sun kama shi a 1899, kuma an mai da babban birnin mulkin mallaka Yamai a 1926. Amma labaran baka da rubuce-rubucen matafiya sun fi magana kan fada da yaƙi. Abincin talaka, tukwanensa, maƙerarsa da marinarsa, sai ƙasa ce za ta ba da labarinsu.

3. Matakan bincike

Na farko, a tattara taswirori, tsofaffin hotuna da bayanan dattawan unguwa, a aza su kan hanyar da tiyo zai bi. Na biyu, a haƙa ƙananan ramukan gwaji (diagnostic) domin a auna kaurin ƙasar tarihi. Na uku, a yanke shawara: ko a karkatar da hanyar, ko a tona wurin a tsanake. Na huɗu, mai bincike ya bi ƴan kwangila yana zana bangon rami kafin a cike shi. Inda aka tarar da kabari, sai an shawarci fada da malamai.

4. Doka da kuɗi

A Faransa, dokar 17 ga Janairu 2001 ta ɗora nauyin kuɗin binciken kan mai aikin gini, kuma aka kafa hukumar INRAP a 2002. A Nijar, doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta tanadi kare kayan tarihi na ƙasa, kuma tun 2006 Birni yana cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO. A ganinmu, abin da ya rage shi ne a rubuta kuɗin bincike da kwanakinsa cikin takardar kwangila tun farko. Ɗan kwangilar da aka tsayar ana tsakar aiki yakan ɓoye abin da ya gani. Wanda aka ware masa lokaci ba ya da dalilin ɓoyewa.

5. Kammalawa

Muna ba da shawarar jami'o'inmu, tare da cibiyar IRSH, su tsara taswirar kaurin ƙasar tarihi ta Birni, titi bayan titi, su miƙa ta ga ma'aikatar magajin gari kafin a sake fitar da wata kwangila.