Gado Mai Laɓewa: Amosanin Jini a Zangunan Faraku da Jugu

1.0 Gabatarwa

Bahaushe yana da karin magana biyu da suke duban gado ta fuskoki mabambanta. Na farko yana cewa "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe", wato ɗa yakan ɗauko abin da iyayensa suke da shi. Na biyu kuwa shi ne "albasa ba ta yi halin ruwa ba", wanda ake faɗa idan ɗa ya fito da abin da ba a san iyayensa da shi ba. Galibi a kan hali ake yin waɗannan maganganu, amma sun dace da jiki ma. Sau da yawa uba lafiyayye da uwa lafiyayya kan haifi yaro mai ciwon da ba a taɓa gani a jikin ɗayansu ba, kuma duk da haka daga gare su ya gaje shi.

Wannan takarda za ta bayyana yadda hakan ke faruwa. Misalin da za a ɗauka shi ne amosanin jini, wanda a Kano aka fi sani da sikila. Za a dube shi ne a tsakanin Hausawan zango na arewacin Jamhuriyar Benin, wato Faraku da Jugu (Parakou da Djougou a rubutun Faransanci) da garuruwan da ke tsakaninsu irin su Partago. Dalilin zaɓen wannan yanki shi ne, ƙa'idar da Bakano ya haddace game da wannan ciwo ba ta wadatar a can.

2.0 Gado Mai Rinjaye da Gado Mai Laɓewa

Kusan kowace siffa ta jiki tana da ƙwayoyin gado da ke tsara ta, kuma bibbiyu suke zuwa: ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Idan biyun suka saɓa, sau da yawa ɗaya ce take bayyana. Wadda ta bayyana ita za mu kira mai rinjaye. Wadda aka danne kuwa za mu kira ta mai laɓewa, domin ba ɓacewa ta yi ba, tana nan cikin jini, kuma mai ita zai iya miƙa ta ga 'ya'yansa. Ba ta fitowa fili sai ta haɗu da 'yar'uwarta, wato sai yaro ya samo ta ta wajen uba da ta wajen uwa baki ɗaya.

Wanda ya fara gano wannan tsari shi ne Gregor Mendel, wani malamin coci a birnin Brno, wanda ya gabatar da bincikensa a kan waken Turawa a 1865. Ya haɗa dogon iri da gajere, sai duk abin da ya tsiro ya zama dogo. Da ya sake shuka 'ya'yan waɗannan, sai ya sami dogaye 787 da gajeru 277, wato kusan uku ga ɗaya. Ashe gajartar laɓewa ta yi na zuriya guda.

A cikin mutane, zabiya misali ce da kowa ya sani: iyaye baƙaƙe kan haifi zabiya idan kowanensu yana ɗauke da ƙwayar a ɓoye. Amma wanda ya fi yawa kuma ya fi cin rai a Afirka ta Yamma shi ne amosanin jini.

3.0 Amosanin Jini

A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari da ake kira himogulobin, shi ne mai dakon iskar oksijin daga huhu zuwa sassan jiki. Nau'insa na yau da kullum ana yi masa alama da harafin A. Akwai wani nau'in mai alamar S, wanda idan iska ta yi ƙaranci yakan sa ƙwayar jini ta sandare ta lanƙwashe kamar lauje. Likita James Herrick ne ya fara bayyana wannan siffa a rubuce a birnin Chicago na Amurka a 1910, bayan ya duba jinin wani ɗalibi ɗan tsibirin Grenada.

Irin wannan ƙwaya tana jawo matsala biyu. Ta farko, ba ta daɗewa: lafiyayyar ƙwaya takan yi kwana 120, mai siffar lauje kuwa kwana 10 zuwa 20. Daga nan ake samun ƙarancin jini da kasala da shawara. Ta biyu, tana toshe ƙananan jijiyoyi, abin da ke kawo matsanancin ciwon ƙashi da gaɓoɓi, musamman lokacin sanyi ko zazzaɓi ko ƙishirwa. Saboda haka ne wasu ke ce masa amosanin ƙashi. Jariri kan fito lafiya ƙalau, domin himogulobin ɗin da ya zo da shi daga ciki yana kare shi. Sai wajen wata 6 alamun farko ke bayyana, yawanci kumburin hannuwa da ƙafafu.

3.1 Lissafin Gado

Mai AA ba ya ɗauke da S. Mai AS yana ɗauke da ita a laɓe, kuma galibi lafiyarsa lau. Mai SS shi ne mai ciwon. Dubi waɗannan misalai:

(1) AA da AS: rabi AA, rabi AS. Babu mai ciwo.
(2) AS da AS: kashi ɗaya cikin huɗu AA, biyu AS, ɗaya SS.
(3) AA da SS: duka AS. Babu mai ciwo.
(4) AS da SS: rabi AS, rabi SS.

Abin lura a misali na (2) shi ne, ba ana nufin idan an haifi huɗu dole ɗaya ne kaɗai zai kamu ba. Kowane ciki da nasa rabon, kamar a jefa ƙuri'a sabuwa. Ana iya haihuwar biyar babu mai ciwo, ana kuma iya samun uku a jere.

3.2 Me Ya Hana Ta Ƙarewa?

Mai karatu zai iya tambaya: ƙwayar da ke kashe yara, yaya aka yi ta yawaita haka? Amsar ita ce zazzaɓin cizon sauro. A 1954 Anthony Allison ya nuna, daga bincikensa a Afirka ta Gabas, cewa masu AS sun fi masu AA tsira daga wannan zazzaɓi. Ke nan a ƙasar sauro, ƙwaya ɗaya garkuwa ce, biyu kuwa ciwo. Shi ya sa a Nijeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu yake ɗauke da S, kuma rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006 ya ƙiyasta cewa ana haihuwar jarirai wajen 150,000 masu ciwon a ƙasar kowace shekara.

4.0 Hanyar Gwanja da Harafi na Uku

Hausawa ba baƙin jiya ba ne a arewacin Benin. A ƙarni na 18 da na 19 ayarin fatake kan tashi daga Kano da kanwa da tufafi da fatu, su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Faraku, su yada zango a Jugu, sannan su nufi Salaga a ƙasar Gwanja don sayen goro. Wasunsu sun zauna a hanya, suka yi auratayya da Dandawa da Bargawa da sauran mutanen ƙasa.

Wannan hanya ta fatake ta bi wani layi da fataken ba su san da shi ba. Ban da A da S, akwai nau'in himogulobin na uku mai alamar C. Cibiyarsa ita ce arewacin Ghana da Burkina Faso, kuma yana raguwa yayin da aka yi gabas. A ƙasar Kano kaɗan ne, a Benin kuwa ƙiyasin da likitoci ke amfani da shi shi ne wajen mutum ɗaya cikin biyar yana ɗauke da S, ɗaya cikin goma kuma yana ɗauke da C. Ita ma C tana ba da kariya daga zazzaɓin cizon sauro, kamar yadda wani bincike da aka yi a Burkina Faso ya nuna a 2001.

Mu ƙaddara wani saurayi ɗan kasuwa ya zo Jugu daga Kano, ya san shi AS ne, ya kuma haddace ƙa'idar nan ta cewa "AS ba ya auren AS". Ya nemi aure a zango, aka yi wa yarinyar gwaji, aka ce ba ta da S. Kowa ya yi murna. Amma in AC ce, ga abin da lissafi zai bayar:

(5) AS da AC: kashi ɗaya cikin huɗu AA, ɗaya AS, ɗaya AC, ɗaya SC.

Mai SC shi ma yana da amosanin jini. Yawanci ciwonsa bai kai na mai SS tsanani ba, har wani kan girma bai sani ba, amma yakan taɓa ido da ƙashin ƙugu, kuma yana da haɗari ga mace mai ciki.

Tushen kuskuren yana wajen gwajin. Akwai gwaji mai sauƙi, wanda a ƙasashe masu amfani da Faransanci ake kira gwajin Emmel, da ke duba ko ƙwayar jini tana lanƙwashewa. Wannan S kawai yake kamawa, ba ya ganin C. Gwajin da ke rarrabe A da S da C shi ne ilektiroforesis, kuma shi ya kamata a nema da sunansa. Haka nan a kiyaye rikita wannan da rukunin jini na A da B da O, wanda ake dubawa don ƙarin jini. Harafin A ɗaya ne a ido, amma abin da yake nufi a takardun biyu daban ne.

5.0 Tasiri a Rayuwar Yau da Kullum

Na farko shi ne zargi. Idan yara suna ta rasuwa a ɗakin mace, akan ce wabi take yi, a sa wa jariri suna irin su Ajuji ko Ayashe, wani lokaci ma a ɗora laifin a kan danginta ko a kan iska. Ba kowane wabi ne amosanin jini ba. Amma inda shi ne, lissafin da ke sama ya nuna cewa rabin gadon daga uba yake. Mijin da ya ga 'ya'yan ɗaya matar lafiya lau, ba shi ne ya kuɓuta ba. Wataƙila ita AA ce, kamar a misali na (1).

Na biyu shi ne auren zumunci. 'Ya'yan wa da ƙani, ko taubasai, sun yi tarayya a kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu, don haka ƙwaya mai laɓewa ta fi saurin gamuwa da 'yar'uwarta a tsakaninsu. Wannan ya fi tasiri a cututtukan da ba su da yawa cikin jama'a. Game da S da C kuwa, yawansu ya kai yadda auren bare ma ba kariya ba ne. Gwaji ne kawai ke raba gardama. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, ciki har da wannan.

Na uku shi ne kulawa da wanda aka riga aka haifa. Ciwon ba hukuncin kisa ba ne. Tun 1993 aka fara shirin gwada jarirai a Kwatano ƙarƙashin Farfesa Mohamed Chérif Rahimy, kuma ya nuna cewa abubuwa marasa tsada suna ceton rai: gano ciwon da wuri, rigakafin ƙwayoyin cuta da na zazzaɓi, shan ruwa da yawa, abinci mai gina jiki, da koya wa uwa alamun haɗari. Maganin haidiroksiyuriya yana rage yawan tashin ciwon, kuma binciken da aka yi a Kano ya nuna amfaninsa wajen kare yara daga shanyewar ɓarin jiki. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka sun amince da magani mai gyara ƙwayar gadon kanta, sai dai kuɗinsa ya haura dala miliyan 2, ya fi ƙarfin mai sayar da goro a kasuwar Jugu.

6.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa siffa mai laɓewa tana buƙatar gudummawar iyaye biyu kafin ta bayyana, kuma kowane ciki da nasa lissafin. Ta kuma nuna cewa a zangunan Faraku da Jugu haruffan uku ne, ba biyu ba. Ɗalibin da wata rana zai yi tafinta tsakanin likita mai Faransanci da uwa Bahaushiya, ya tuna cewa "ba ki da S" da "ke AA ce" ba magana ɗaya ba ce. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 19 ga Yuni don tunawa da wannan ciwo, amma ranar da ta fi muhimmanci ga kowane gida ita ce wadda ake duba takardar gwaji, kafin a kai goron neman aure.