3.4 Daidaita Kason Ajiya a Ma'ajiyar Haɗaka

Wannan sashe zai yi bayani ne a kan yadda ake kiyaye kason ajiya, wato iyakar filin da aka yanka wa kowane ma'aikaci, a inda kwamfutoci da yawa ke rubutu a ma'ajiya guda. Matsalar ita ce, bayanan mutum ɗaya sukan warwatsu a kan faya-fayai da dama, kuma babu faifan da ya san jimillar abin da ya ci.

Za a fi fahimtar maganin wannan matsala idan aka dubi madatsar ruwa ta Goronyo da ke kan gulbin Rima, wadda aka kammala a 1984. Manomin rani ba ya zuwa bakin madatsa neman izinin kowane bokiti. Ana sako ruwa ne kashi-kashi zuwa magudanai, kowa ya ɗiba a kusa da shi.

Haka manhajar Lustre, wadda ta fito a 2003, take aiki. Kwamfuta guda ke riƙe da jimillar lissafi, tana ba sauran ma'ajiyoyi rabo tun kafin su buƙata. Idan mutum ya kusa cika kasonsa, sai ta rage girman rabon, ta kuma karɓo wanda ba a taɓa ba.

Jinkiri a nan yana da illa biyu: ko a hana mutum rubutu alhali ragowar kasonsa na kwance a wani faifan, ko ya zarce iyaka ya ci filin abokan aikinsa. Ke nan, yawan tuntuɓar mai lissafi yana rage sauri, ƙarancinta kuwa yana ɓata lissafin.