Tsutsar Alharini ta Daji da Saƙon da ke Jikinta

Kimanin shekara 5,000 ke nan da mutanen Sin suka ɗauko wata tsutsa daga daji suka mai da ita ta gida. Ita ce Bombyx mori, wadda yawancin alharinin duniya ke fitowa daga bakinta. Zaman gida ya sauya ta matuƙa. Tana saƙa zare mai yawa, amma ƙwaron da take rikiɗa ta zama ba ya iya tashi, kuma in ba mutum ya kawo mata ganye ba sai ta mutu. A 2009 masana suka kwatanta kundin gadon tsutsotsi 40, na gida 29 da na daji 11, suka ware ƙwayoyin gado 354 da ake jin kiwo ya taɓa.

Sanin kundin kaɗai bai wadatar ba. Kowane tantani a jikin tsutsa yana ɗauke da DNA iri ɗaya, kamar littafi guda a hannun ɗalibai da yawa, kowa da shafin da ya buɗe. Ƙwayar gadon da aka buɗe takan fitar da saƙo da ake kira RNA, da shi ake ƙera sinadarin da jiki ke buƙata. Don haka masana kan ɗebi RNA daga hanji, ko fata, ko jakar da ke haɗa zare, su karanta, su ga wace ƙwaya ce ke aiki, a ina, kuma yaushe.

Indiya ta ba wannan aiki muhimmanci saboda tana da masu cin abinci da tsutsar daji. A jihar Assam ana kiwon muga, mai zare ruwan zinariya, a kan itatuwa a fili, inda zafi da tsuntsaye da cututtuka ke yi mata ɓarna. A 2008 masu bincike a Haidarabad, tare da takwarorinsu na Japan, suka buɗe rumbun WildSilkbase mai gutsattsarin saƙonni fiye da 57,000 daga muga da wasu tsutsotsin alharini biyu, tasar da eri. Irin wannan rumbu ne ke nuna ƙwayoyin gadon da kan farka idan cuta ta shiga, abin da mai kiwo ke buƙata wajen zaɓen iri mai juriya. Zaren ma ya bambanta: jigon na gida daga furotin uku ake haɗa shi, na dangin muga kuwa daga guda ɗaya, mai tsari da ya ɗan yi kama da na yanar gizo-gizo.

Mu ma muna da tamu. Zaren tsamiya da ake yi wa babbar riga aiki da shi daga tsutsotsin daji yake fitowa, dangin Anaphe, masu taruwa su saƙa gida ɗaya babba. Yarabawa na kiran zaren sanyan. A ganina lokaci ya yi da jami'o'inmu za su karanta saƙon jikinsu, domin batun ya kai ga lafiya. A ƙasar Ijesha ta Yarabawa ana cin tsutsar Anaphe venata da damina, kuma an gano tana ɗauke da sinadarin da ke rusa bitamin B1, wanda zafin girki ba ya kashe shi da sauƙi. Shi ake dangantawa da ciwon makyarkyata da tangaɗi da kan kama mutane a wannan lokacin.