Yadda Ake Ƙawata Inuwar Bishiya Da Tsirrai Masu Launi

Sau da yawa maigida kan dasa furanni a gindin mangwaro ko darbejiya, su ƙi yin fure, sai ya ɗora wa ƙasa laifi. Alhali ƙarancin rana ne, domin akasarin furanni ba sa son inuwa.

Dabara ita ce a nemi launi a ganye. Kaladiyum, wanda asalinsa dazuzzukan Kudancin Amurka ne, yana da faffaɗan ganye mai ratsin ja da fari da kore, kuma a inuwa ya fi kyau. Dangin gwaza ne. Da rani ganyensa kan bushe, amma tushen na nan da rai. Kada a tone shi, kada kuma a cika masa ruwa ya ruɓe. Damina na sauka zai sake toho. Sai dai yana da guba mai ƙona baki da maƙogwaro, saboda haka a nisanta shi daga yara da awaki.

Moda kuwa, wadda aka sani a ƙasar Hausa tun da daɗewa, tana jure inuwa da ƙishi. Tun da saiwar bishiya kan shanye ruwan gindinta, dasa su a tukunya ya fi.